Daidaito a Rubutun Hausa da Matsayinsa Wajen Fayyace Ma'ana: Misali Daga Nassarawo ta Mubi

1.0 Gabatarwa

Mai magana yana da mataimaka da yawa waɗanda marubuci ba shi da su. Yana da murya da zai ɗaga ko ya sassauta, yana da fuska da hannu, kuma idan mai sauraro ya rikice zai tsayar da shi ya nemi ƙarin bayani. Rubutu kuwa yakan je inda mai shi bai taka ba, ya kuma daɗe har bayan mai shi ya manta abin da ya nufa. Saboda haka duk abin da mai karatu zai dogara da shi tilas ne ya kasance a kan takardar.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda rashin tsayawa a kan tsari ɗaya yake gurɓata ma'ana a rubutun Hausa na boko. An ɗauki Nassarawo ta cikin garin Mubi a matsayin misali, domin wuri ne da Hausa take harshen hulɗa tsakanin al'ummu masu harsuna daban-daban. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, mai karatun da Hausa ba harshensa na farko ba ne ya fi kowa bukatar daidaitaccen rubutu, domin ba koyaushe kunnensa yake iya gyara masa abin da alƙalami ya ɓata ba.

2.0 Ma'anar Daidaito

Daidaito a nan yana da fuska biyu. Ta farko ita ce bin ƙa'idojin rubutu da aka amince da su, wato abin da ya shafi baƙaƙe da wasula da haɗa kalmomi da raba su. Ta biyu ita ce marubuci ya daidaita da kansa: siffar da ya ba kalma a shafin farko, ita zai ba ta a na ƙarshe, kuma sunan da ya kira wani abu da shi, shi zai ci gaba da kiransa.

Dalilin da ya sa wannan ya zama wajibi a Hausa a fili yake. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar gari tana iya zama ta mazaunin mutane ko ta abin tuƙa tuwo, wuya tana iya zama gaɓar jiki ko wahala, kuka kuwa ko bishiya ko zubar da hawaye. Hatta ya tafi tana iya zama labarin abin da ya auku ko kuma umurni. A wajen tsawon wasali ajami ya fi boko bayani, tun da yana nuna shi da alif da wawu da ya. Tun da boko ya bar wa mai karatu wannan nauyi, 'yan alamomin da yake nunawa, wato lanƙwasar baƙi da tazara tsakanin kalmomi da karan ɗori, su ne suka rage masa a matsayin jagora. Idan su ma aka yi musu riƙon sakainar kashi, ba abin da ya saura sai cinta.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffan Romawa kowa ya bi abin da kunnensa ya jiye masa. J. F. Schön, wanda ya buga nahawunsa a 1862 da ƙamusunsa a 1876, bai tantance ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k yadda ya kamata ba. Yunƙurin farko na tsayar da ƙa'ida a hukumance shi ne na Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa. Shi ne ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da dokokin rubuta Hausa a 1912.

An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin R. M. East a Zariya. A cikin shekarun 1930 ne baƙaƙe masu lanƙwasa suka maye gurbin ɗigo da sauran alamomin da ake sa wa b da d da k, bisa tsarin rubuta harsunan Afirka wanda Diedrich Westermann yake cikin jagororinsa. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, sun taimaka ƙwarai wajen kafa Daidaitacciyar Hausa a kan karin harshen Kano.

Daga nan aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A 1966 UNESCO ta kira taro a Bamako don daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. An sake zama a Zariya a 1970, da Kano a 1972 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, sannan a Yamai a 1980 don kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Wannan ya nuna ba ƙa'ida aka rasa ba. Matsalar ita ce isar ƙa'idar ga hannun mai rubutu, musamman a wuraren da suke nesa da cibiyoyin da aka tsara ta.

4.0 Yanayin Harshe a Nassarawo

Nassarawo mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, a arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Yankin ya kasance a hannun Jamus kafin Yaƙin Duniya na Farko, sannan Ingila ta riƙe shi amana. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shiga Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Ya kasance cikin Jihar Gongola daga 1976, sannan Adamawa daga 1991.

Harsunan wannan yanki sun haɗa da Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi, waɗanda duk dangin Hausa ne na nesa a cikin harsunan Cadi, sai kuma Fulatanci, harshen masarauta, wanda yake daga wani iyali dabam. A kasuwa da tasha da asibiti da wuraren ibada, Hausa tana cikin manyan harsunan da suke haɗa waɗannan al'ummu, har da fataken da suke zuwa shahararriyar kasuwar shanu ta Mubi daga Kamaru da Cadi. Don haka rubutun da talaka yake bukata da Hausa ba na adabi ba ne kawai. Ya haɗa da takardar cinikin fili, da littafin bashi, da sanarwar ƙungiya, da wasiƙa, da saƙon waya. A irin waɗannan takardu, ruɗanin kalma ɗaya yana iya jawo asarar dukiya ko ɓacin zumunci.

Marubuci a irin wannan wuri yana tsakanin tsare-tsare huɗu: na Hausa, da na Ingilishi da ya koya a makaranta, da na Fulatanci wanda yake ninka wasali don nuna tsawo, da na Faransanci da yake shigowa ta Kamaru. Kowane ɗaya daidai yake a gidansa. Cakuɗa su a takarda ɗaya ne yake haifar da ruɗani.

5.0 Wuraren da Rashin Daidaito Yake Ɓata Ma'ana

Jimlolin da suke tafe an tsara su ne don misali, a kan irin bukatun da aka ambata a sama.

5.1 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Lanƙwasa ba ado ba ce, ita take raba waɗannan kalmomi:

(1) kafa / ƙafa. Kasa / ƙasa. Karya / ƙarya. Kulle / ƙulle
(2) fada / faɗa; doki / ɗoki; da / ɗa
(3) bare / ɓare. Yaya / 'ya'ya

Fulatanci yana da ɓ da ɗ da 'y, amma ba shi da ƙ da ts. Saboda haka wanda ya tashi da shi zai iya kiyaye rukuni na (2) da na (3) ba tare da wahala ba, amma rukuni na (1) sai ya haddace shi da ido. Sakamakon haka shi ne takarda mai lanƙwasa a wasu wurare, babu a wasu. Na'ura ma ta ƙara nata. A zamanin tafireta da hannu ake ƙara lanƙwasa. Da kwamfuta ta zo, wasu tsare-tsaren haruffa sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, ta yadda idan aka buɗe rubutun a wata na'ura sai a ga qasa da xaki da varawo. Wasu kuma sukan rubuta k' ko 'k ko d'. A yau haruffan suna cikin tsarin Unicode, kuma ana samun su a allon rubutun wayoyin hannu, don haka uzurin na'ura ya ragu ƙwarai.

5.2 Haɗa Kalmomi da Raba Su

A nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ƙa'ida ta tanadi a haɗa gajeriyar mallaka da sunanta (gidansa, gonarta), amma a raba wakilin suna karɓau da aikatau (ya kama shi, ta gan su). Ana haɗa yana da suke da yakan da suka, amma ana raba za su da ba ta, kuma dirka ne da ce tana tsayawa ita kaɗai. Ga abin da yakan faru idan aka yi sakaci:

(4) Ya bata kudin.
a. Ya ba ta kuɗin.
b. Ya ɓata kuɗin.

(5) Bashi dubu goma.
a. Ba shi dubu goma.
b. Bashi, dubu goma.

(6) Nasa hannu a takardar.
a. Na sa hannu a takardar.
b. Nasa hannu, wato na wani.

A misali na (4), karatu ɗaya yana wanke mutum, ɗayan yana tuhumarsa da cin amana. A na (5), ɗaya umurni ne a biya, ɗayan shaida ce ta abin da ake bin wani. Haka nan akwai akan da a kan, suma da su ma, gashi da ga shi, kusa da ku sa. Wasu ma uku suke rabuwa, kamar baki da baƙi da ba ki, ko zaki da zaƙi da za ki. Hatta sunan jaridar da ta taimaka wajen kafa ƙa'idar ana yawan ganin an rubuta shi da tafi a maimakon ta fi, alhali gaskiya fin kwabo ta yi, ba tafiya ba.

5.3 Jinsi da Harafin Nasaba

Daidaitacciyar Hausa tana bambanta namiji da tamata a tilo. Fulatanci yana da azuzuwan suna masu yawa, amma ba ya raba namiji da tamata a nahawu, haka ma harshen Margi. A cikin Hausar kanta, kare-karen Zariya da Bauci sun sassauta wannan bambanci. Don haka a bakin masu Hausa a matsayin harshe na biyu akan ji ya da ne da -n sun mamaye gurbin ta da ce da -r. A magana wannan ba ya cika kawo cikas, domin masu zancen sun san wanda ake nufi. A rubuce kuwa, ga abin da yakan biyo baya:

(7) Hajara ta sayi filin. Bayan shekara biyu ya sayar da rabinsa.

Wanda ya karanta wannan bayan shekara goma zai tambaya, wane ne ya sayar? Sauya lamiri daga ta zuwa ya ya shigo da mutum na biyu wanda babu shi a cikin cinikin.

Jinsi kuma yana cikin abubuwan da Bahaushe yake gyara kuskuren rubutu da su ba tare da ya lura ba:

(8) Itace ta faɗi.

Bakano yana ganin ta zai gane ita ce ake nufi, domin da icce ne da an ce ya faɗi. Mai karatun da jinsi bai zauna a Hausarsa ba, ba shi da wannan tsani, karatun biyu duk a buɗe suke a gare shi.

Game da harafin nasaba, ƙa'ida ta ce a rubuta asalinsa, ba yadda naso ya mai da shi a baki ba. Ana rubuta gidan Bala ko da an furta gidam Bala, ana kuma rubuta motar Sani ko da wani ya ce motas Sani, wani ya ce motan Sani. Hikimar wannan ita ce kalma ta kasance da siffa ɗaya a idon Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Mubi.

5.4 Sunayen Wurare da na Mutane

Sunan unguwar kansa misali ne. Ana ganin Nassarawo da Nasarawo, wani lokaci ma Nassarawa. Ga shi kuwa akwai wata Nassarawo a Jimeta, akwai Nassarawo Jereng a yankin Mayo Belwa, akwai Nassarawa a Kano, akwai kuma Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996. Takardar da ta rubuta sunan iri biyu ta buɗe ƙofar a ce wurare biyu take nufi. Ta fuskar Kamaru kuma, Garwa da Marwa sukan zo a matsayin Garoua da Maroua, Usmanu ya zama Ousmanou, Jibrila ya zama Djibrilla. Mutum ɗaya yakan wayi gari da suna iri biyu ko uku a takardun makaranta da na banki da na shaidar ɗan ƙasa, kuma tabbatar da cewa shi ne yakan ci kuɗi da lokaci.

5.5 Abu Ɗaya, Suna Ɗaya

Daidaito bai tsaya ga haruffa ba. A adabi sauya kalma ado ne, amma a takardar yarjejeniya ko ta ilimi haɗari ne. Wanda ya rubuta jingina a farko ya koma aro a tsakiya ya ƙare da haya ya ambaci hukunce-hukunce uku ne dabam. Haka wanda ya auna tsawon fili da ƙafa, faɗinsa da taku. Kalmar jaka kuwa a Nijeriya tana nufin naira 200, tun daga lokacin da take nufin fam 100, alhali a bakin Hausawan Nijar tana nufin sefa 1,000. A kasuwar da kuɗin ƙasa biyu suke yawo, wajibi ne a rubuta adadi da lambobi tare da sunan kuɗin.

Manazarta ma ba su tsira ba. Maƙalar da ta fara da aikatau ta koma fi'ili ba tare da bayani ba takan sa ɗalibi ya zaci abubuwa biyu ne. Magance irin wannan ne ya sa aka tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi aka buga su a 1990, Ɗalhatu Muhammad yana edita.

6.0 Me Ya Sa Cakuɗawa Ta Fi Kuskure Illa?

Mai karatu yakan koyi tsarin marubuci tun daga layukan farko, sannan ya yi masa hukunci da shi. Idan takarda ba ta sa lanƙwasa ko ɗaya ba, mai karatu zai san haka, ya riƙa tuhumar kowane k da d da b. Amma a duba wannan:

(9) Ɗansa ya kawo kara gaban alƙali.

Tun da marubucin ya nuna ya san ɗ da ƙ, mai karatu yana da hujjar ɗaukar cewa karan dawa aka kawo, ba ƙara ba. Daidai ɗin da aka yi a wuri biyu shi ya ba kuskuren wuri na uku ƙarfi. Kuskuren da aka dawwama a kansa ana iya gano shi a kauce masa. Wanda yake zuwa yana ɓacewa kuwa, shi yake yaudarar mai karatu.

Ana iya cewa wannan kira ɗora Kananci ne a kan mutanen da suke da tasu Hausar. Amsa ita ce, ƙa'idar rubutu ba ta hana kowa furucinsa ba, kuma mai wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari yana da 'yancin sa wa taurarinsa Hausar Mubi a baki, muddin ya yi haka da gangan kuma ya tsaya a kansa. Bugu da ƙari, ƙa'idar ba ta rufe kowace ƙofa ba. Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Ana samun ilimi da ilmi, wato da watau, Nijeriya da Najeriya, kuma marubuta sun saɓa wajen sa karan ɗori a harɗaɗɗun kalmomi. A irin waɗannan wurare fuska ta biyu ta daidaito ce take aiki: a zaɓi ɗaya, a riƙe shi har ƙarshe.

7.0 Shawarwari

Na farko, a yankunan da Hausa take harshe na biyu, ya kamata a koyar da ƙa'idojin rubutu ta hanyar tagwayen kalmomi irin na (1) zuwa (6), domin ɗalibi ya ga abin da kuskure yake jawowa, maimakon a ce masa ya rubuta yadda yake ji. Kunnen da bai raba k da ƙ ba, ba zai yi masa jagora ba.

Na biyu, horon kada ya tsaya ga 'yan makaranta. Masu rubuta wa jama'a takardun ciniki, da magatakardan masu unguwanni, da masu zanen alluna, da masu buga takardu a kwamfuta, su ne rubutunsu ya fi yawo a idon jama'a. Manyan makarantu irin su Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a Mubi a 2002, da kwalejojin ilimi na Hong da Yola, suna da damar shirya musu gajerun bitoci.

Na uku, kowace maɗaba'a da mujalla da ofis su tanadi 'yar takardar da ta tsayar da zaɓinsu a wuraren da ƙa'ida ta bari a buɗe, tare da jerin sunayen wuraren yankinsu da siffa ɗaya tak. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya isa madogara wajen siffar kalmomi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa rubutun Hausa na boko ya bar karin sauti da tsawon wasali a hannun mai karatu, don haka 'yan alamomin da ya tanada suna ɗauke da nauyi mai yawa. An kuma ga cewa wanda ya sha Hausa a nono yakan cike giɓin da marubuci ya bari da saninsa na furuci da jinsi, abin da mai karatu a wuri irin Nassarawo ba lallai ne ya samu ba. Tun da masu amfani da Hausa a matsayin harshe na biyu suna da ɗimbin yawa, daga Adamawa har zuwa zangon Kumasi, ya dace masu tsara manhaja da editoci su riƙa auna ingancin rubutu da idon irin wannan mai karatu. Takardar da ya karanta ya fahimta ba tare da ya nemi mai ita ba, ita ce ta cika sharaɗin daidaito.